Sunanka a Bakin Sarki

Zuwa ga Baffa Lukong, a Ikom.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau. An gama cirar wake, ƙanwata Kinyuy ta haifi namiji.

Baffa, nemi wuri ka zauna tukuna. Safiyar ranar kasuwa na ga Kaka Berinyuy ta fito da ƙwarya, ta nufi idon ruwan da aka kore ka saboda shi. Ba ka manta ba, mahaukaci suka kira ka ranar da ka sare itatuwan turaren Shey Wirba, ka ce su ke shanye ruwan. Tun da aka gicciya sandar tukurwa a ƙofarka, alamar kora, ba mai ambaton sunanka, ko a gida "mai tafiya" muke cewa. To, bana ruwan ya dawo, har rani ya wuce bai ƙafe ba.

Kaka ta ciko ƙwaryar, ta hana ni ɗaukar mata, ta taka har fada. Sarki ya karɓa ya sha, tunda ba a mayar da ruwan tsohuwa. Sai ta tambaye shi ruwan wa ya sha. Shey Wirba ya yi caraf ya ce na Allah ne. Ta juya ta ce masa sannu da wa'azi, shi yaron da ta sha share wa majina, amma da addar wa Allah ya yi aikin? Sarki ya daɗe yana juya ƙwaryar a hannu. Can ya ɗago ya ce ruwan Lukong ne.

Ka san dokarmu, sunan da sarki ya furta ya dawo gari. Kafin rana ta take an cire sandar. Kaka ta ce kada ka kuskura ka shigo ta bayan gona, ta babbar hanya za ka zo, ranar kasuwa, da addar a kafaɗa.

A gaishe da Inna Bongfen da yara. Idan kana kokwanto, Verla maƙeri yana wurin, da matan kasuwa, da Shey Wirba kansa, wanda sarki ya miƙa wa ragowar ruwan ya shanye.

Ni ne ɗanka,
Fonyuy