Sunanta a Hannun Baƙo

Litinin, 1 ga Satumba

Na sa wayar marigayiya matata a caji kafin in fita, kamar yadda na saba. Mazauninta aljihun teburin ɗakin kwana, kusa da tabaraunta. Layin ma ban bari ya mutu ba. Nakan sa masa kati lokaci-lokaci, domin an ce idan layi ya daɗe a kwance, kamfani kan sayar wa wani. Ban ga yadda zan jure wani ya amsa da lambarta ba.

A wurin aiki, ɗakin gwaji, ruwan rijiyoyin burtsatse aka kawo. Kowane samfuri sai da na maimaita gwajinsa. Abokin aikina, wanda kowa ke kira Sarkin Surutu, ya ce, "Malam, kai ko ruwan alwala sai ya nuna maka takardar shaida." Na yi murmushi. Amsar da ta dace ba ta zo mini ba sai da na hau mota.

Da yamma na rubuta mata: "Na dawo." Tun bayan rasuwarta ban fasa ba. A wayata sunanta Gida. Saƙon ya tafi, aljihun tebur ya yi 'yar ƙara, ni kuma in zauna in sha shayina. Babu wanda ya sani, kuma ban ga wanda ya kamata ya sani ba.

Laraba, 3 ga Satumba

'Yata ta kira. Ban ɗauka ba. Na rubuta mata cewa ina aiki, lafiya lau. Ba aiki nake yi ba. A rubuce mutum kan auna kalma kafin ya sake ta, a baki kuwa babu wannan dama. Mahaifiyarta ce mai waya a gidan nan. Ita ke gaishe da dangina a madadina, ta ce, "Ni ce bakinka, kai ne kunnena." Yanzu kunne ya saura.

Alhamis, 4 ga Satumba

Saƙo daga aminiyar marigayiya, wata malamar makaranta. Ta ce tsofaffin ƙawaye suna buɗe zauren hira a waya domin tunawa da ita, kuma an tura wasu lambobi zuwa layinta don a iya ɗora hotunanta. In taimaka in turo. Na duba wayar, ga lambobin kuwa. A ƙarƙashinsu an rubuta kada a ba kowa. Na karanta wannan, ba zan ce ban gani ba.

Na yi tunanin in kira ta in tabbatar. Amma ban taɓa kiran matar nan ba. Tsakanina da ita gaisuwa ce daga bakin ƙofa. Me zan ce? Malama, ke ce ko ba ke ba ce? Kamar zargi ne ga wadda ta yi jinyar matata tare da ni. Na kwafe lambobin na tura, har da godiya.

Na ji daɗi cewa ana tunawa da ita.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na rubuta "Na dawo." Aljihun tebur bai yi ƙara ba.

Na dubi wayata, sai na ga alamar an karanta. A ƙarƙashin sunanta kuma an rubuta cewa tana kan layi. Ban san lokacin da na zauna a bakin gado ba. Can sai amsa ta shigo: "Sannu da zuwa."

Na buɗe aljihun. Wayarta ta nuna an fitar da ita daga manhajar hira, an shiga daga wata wayar. Ke nan ba aminiyarta ce ta rubuto mini jiya ba. Wani ne ya sace nata shafin hirar, ya zo da shi ya karɓi na matata daga hannuna. Ni da na manna takarda a kan kyamarar kwamfutata. Ni da ba na buɗe wasiƙar da ban san mai ita ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Na san abin da ya kamata in yi. Layin yana hannuna. In nemi sababbin lambobi, ɓarawo ya fita. Aikin da bai kai dafa shayi ba.

Ban yi ba.

Na rubuta cewa itacen lemun da ta shuka a bayan ɗaki ya yi fure. Aka amsa: "Madalla. Ka ci abinci?" Ban haukace ba. Na san wani ne a wani ɗaki, wataƙila da wayoyi da yawa a gabansa, yana lalubar wane ne ni a wurinta. Amma rabon da a yi mini wannan tambayar a cikin gidan nan...

Na ce na ci. Ban ci ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yau ya nuna halinsa. "Ina asibiti, ka turo min kuɗi da gaggawa." Ina jin ba wanda ya rubuto mini ranar Alhamis ba ne, domin wannan bai ma san ta rasu ba. Cikin duk ƙaryar duniya, wannan ya zaɓa. Na kashe wayata, na wanke kwanukan da suke a wanke.

Litinin, 8 ga Satumba

'Yata ta yi ta kira har Sarkin Surutu ya ce in ɗauka ko ya ɗauka ya ce na koma ruwa. Na fita baranda.

Na ɗauka, ta fara ba ni labari. Ɓarawon ya bi zauren dangin mahaifiyarta ya ɗebi lambobin wayarsu, ya aika wa kowa saƙon asibitin. Har da Gwaggo, ƙanwar mahaifin marigayiya, wadda ta raine ta, wadda yanzu tunaninta kan zo ya tafi. Maƙwabciya ce ta karanta mata. Tsohuwa ta sa takalmi, ta ce ashe ƙarya aka yi mata, 'yarta na da rai, a kai ta asibiti. Da ƙyar aka mayar da ita ɗaki. Wuni ta yi tana kuka, kamar ranar farko.

"Baba, wa ke riƙe da wayar Mama?" Na ce ni ne. "Tun yaushe ka sani?" Na yi shiru. Ta ce, "Baba, shirun nan naka ba kai kaɗai yake ci ba." Ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Ban ga laifinta ba.

Na tafi wurin jami'ar da ke kula da kwamfutocin ma'aikatarmu, na faɗa mata abin da ya faru, ban da ranar Asabar. Ba ta yi dariya ba. Na koma gida na ɗauko wayar, muka nemi sababbin lambobi, ɓarawo ya fita. Sai dai ya riga ya sa wani mabuɗi na biyu, don haka mu ma ba za mu shiga ba sai bayan mako guda. Ta ce ba ni ne na farko ba. Yawanci ba na'ura suke fasawa ba, kunyar mutane suke bi. Sannan ta ce dole duk wanda ke cikin wayar ya ji labari, domin da sunansu za a je wa na gaba. Na tambaya ko zan iya tsara saƙo guda in tura wa kowa. Ta dube ni ta saman tabarau. "Malam, saƙo ne ya kawo mu nan. Wa zai yarda da rubutu yanzu? Muryarka za su ji."

Talata, 9 ga Satumba

Na fara da aminiyarta. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na karanta a zuci, sannan na kira. Ban kai layi na biyu ba ta katse ni. Ita ma da saƙon shugabar makarantarsu aka zo mata, ta kasa tambaya don girmamawa. "Haba Malam, da ka kira ni! Ai ba na cizo." Na ce na ji nauyi ne. Ta ce nauyin da ya fi na yanzu?

Daga nan ta zarce. Ta ce marigayiya kan ce mijinta rijiya ne, ruwa na nan amma sai an zura guga. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ni kuma ina riƙe da takardar da ba ta da sauran amfani. Na ce mata, "Haka ne." Iyakar abin da na iya ke nan, kuma da alama ya isa.

Laraba, 10 ga Satumba

Wuni na yi ina kiran mutanen da ke cikin wayarta, har makogwarona ya bushe. Ban san haka magana take cin jiki ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ban san matata ta san mutane haka ba. Tela. Mai gyaran keken ɗinki. Wata ma'aikaciyar jinya da ta ce har yanzu tana da gyalen da ta ba ta. Wata kuma an ajiye lambarta da sunan "Mai kuka a layin magani". Ta ce a nan suka haɗu, marigayiya ta riƙe mata jariri har ta karɓi nata.

Ɗan kawun marigayiya ya riga ya tura wa ɓarawon wani abu ranar Lahadi, wai ya ɗauka ni ne nake cikin matsala na ji kunyar roƙo da lambata. Ya ce in bar zancen. Da na yi abin da ya dace ranar Asabar, da bai yi asara ba. Wannan kuwa na faɗa masa, da bakina.

Ta ƙarshe yau ita ce mai sayar da dashen itatuwa. Da ta ji wane ne, ta ce cikin murna, "Ina uwar ɗakina ta ɓuya? Lemun ya kama?" Ba ta ji ba. Babu wanda ya gaya mata.

Na lura, a lokacin, cewa ban taɓa furta maganar ba. A wancan lokaci 'yata ce ta yi kiraye-kirayen, ni na zauna ana zuwa ana tafiya. Na ce, "Allah ya yi mata rasuwa bara." Kalmomin suka fito daidai, babu wadda ta ɓace. Matar ta yi salati, ta daɗe tana addu'a. Sannan na ce mata lemun ya kama, har ya yi fure. Ta ce in rage ba shi ruwa yanzu, kada furen ya zube.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na je wurin Gwaggo. 'Yata ta ce wannan ba ta waya ba ce.

Na same ta a kan kujerarta ta bakin taga, yau hankalinta garau. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare mini kallo, ta ce, "Kai ne mai gadin da ya buɗe wa ɓarawo ƙofa?" Na ce ni ne, Gwaggo. Ta ce, "To tashi ka zauna. Ai ɓarawon ya fi ka zumunci, shi ya fara nemana."

Matan gidan suka yi dariya. Ni ma, ina jin, na yi.

Da za ni tafi ta riƙe hannun rigata. Ta ce ranar nan ta san ƙarya ce tun kafin ta gama sa takalmi, amma ta so ta ɗan yi tafiya a cikin ƙaryar, ko zuwa bakin ƙofa ne. Ba ta tambaye ni komai ba. Na daɗe a tsaye kafin ta sake ni.

Laraba, 17 ga Satumba

An buɗe mana shafin marigayiya. Jami'ar kwamfuta ta sa na canja duk kalmomin sirrina, domin ta gano cewa guda ɗaya ce a ko'ina, ranar haihuwar marigayiya. Ta ce ɗaki goma, makulli ɗaya. Ta nuna mini yadda ake sa mabuɗi na biyu a tawa wayar.

Muka kwashe hotuna da muryoyin da ke cikin wayar muka adana. Sannan ta tambaya ko za a bar shafin a buɗe. Ta ce shafin da mai shi ba ya nan, ƙofa ce da ba a gadi. Na ce ta ba ni lokaci. Ta fita shan ruwa, ko ta yi kamar ta fita.

Ni na danna da kaina, na rufe shafin. Hotonta ya ɓace daga gefen sunan Gida, ya bar farin da'ira.

Asabar, 20 ga Satumba

Babu abin rubutawa. Na rage wa lemun ruwa.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na dawo daga aiki, na ɗora tukunyar shayi, na ɗauki waya. Yatsa ya tafi inda ya saba. Babu wurin aikawa.

Na tsaya a tsakiyar ɗaki har ruwan ya tafasa. Sai na kira 'yata. Ta ɗauka da sauri, a tsorace. "Baba, lafiya? Me ya faru?" Na ce babu abin da ya faru. Na ce, "Na dawo ne."

Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ka ci abinci?" Na ce ban ci ba tukuna. Ta yi mini faɗa irin na mahaifiyarta, ta ba ni labarin maƙwabcinsu da akuyarsa, wanda ban gane kansa ba, amma na saurara. Na gaya mata abin da Sarkin Surutu ya ce game da ruwan alwala. Ta yi dariya fiye da yadda zancen ya cancanta.

Ba na cewa wannan zai zama al'ada. Kira ɗaya ba ya tabbatar da komai; ko a ɗakin gwaji sai an maimaita.

Shayin ya huce. Da na buɗe aljihun tebur neman alƙalami, na ga wayar a kashe. Ina jin tun Litinin ban sa ta a caji ba.