Motar da Na Ɗaga Don Umma Ta Ƙi Shiga Kwantena

Gwaggo Sabuwa, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in yanke zumunci da hannuna. Yau kwana goma sha tara ban yi wa yayana magana ba, alhali gida ɗaya muke kwana a unguwar Al Rigga ta Dubai, sito ɗaya muke buɗewa da safe.

Ni da Yaya Halliru aikin kago muke yi a Dubai, muna tara kayan 'yan kasuwar Kano mu loda a kwantena mu tura gida. Mahaifiyarmu Umma tana ƙauyenmu bayan Tudun Wada, ta ce ba inda za ta. Hanyar garin kuwa, da ruwa ya zauna sai ta koma kamar kunu. Daminar bara Umma ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya goce, babu motar da ta iya shiga, a amalanken shanu aka kai ta bakin titi, awa huɗu. Ƙanwarmu Maimuna ta kira ni, ina tsaye a kasuwar Sabkha a nan Dubai ina jin nishin uwata ta waya, ba abin da zan iya. Ranar na rantse ba za a ƙara ba.

Muna da wata tsohuwar Land Cruiser a-kori-kura da muke jigilar kaya da ita, ta tsufa amma injinta lafiya lau. Na ce a gyara ta a tura gida, Yaya ya ce to. Na kai ta garejin wani bakanike a Ras Al Khor, ya tambaye ni inci biyu nake so a ɗaga ko shida, na ce shida. Aka canza sifirin, aka sa manyan tayoyin taɓo masu haƙora, kowace ta kusa kai mini ƙugu. To tunda an fara, na sa aka jera mata fitilu shida a rufi, aka yi mata baƙin fenti. Gwaggo, ba yabon kai ba, motar ta fito. Ni kaina sai na kama ƙarfe nake iya hawa, matata Hadijatu kuwa sai da abayarta ta yage a ƙoƙarin shiga, har yau tana mini gori. Na ɗan zaga gari da ita sati biyu, ban ɓoye ba. Sau ɗaya ma na bi abokai sahara ranar Juma'a, ashe tayar taɓo tona yashi take yi, ta binne kanta har ciki, sai da wasu Larabawa suka janyo mu suna dariya. Wannan tsautsayi ne, kuma ai ba don yashi na yi ta ba.

Ranar lodi an bar mata wurinta a bakin kwantena, na hau na taka a hankali. Sai ji na yi ƙarau, gilashi na zubowa. Fitilun sun daki saman ƙofa, motar ta maƙale rabi ciki rabi waje. Ban auna ba, na yarda, amma kuskure ne irin wanda kowa zai iya yi. Maimakon Yaya ya ja ni gefe, sai ya tsaya gaban leburori da abokan cinikinmu ya ɗaga murya, wai ba don Umma na yi ba, don idon mutane na yi, wai tun ina yaro ba na yin abu sai wanda za a tafa mini, wai da sunan uwarmu nake burga a titin Dubai. Ya ce khalas, wato magana ta ƙare, a ja ta waje, ya sa aka cike gurbin da katan-katan aka rufe kwantena ta tafi.

Ni, Gwaggo? Ni da na ji nishinta a waya shi yana Chana yana sayen takalma? Wannan maganar tasa ce na kasa mantawa. Yanzu ga shi muna cikin Maris, wata kwantenar sai nan da sati biyu, kuma motar ba za ta shiga cikinta ba sai da yardarsa. Wani Balarabe ya taya motar, zuciyata na cewa in sayar, in raba jari da Yaya, kowa ya kama gabansa. In kuma na tuna damina sai abinci ya fita raina. Me zan yi?

Ƙanin da aka tozarta, Dubai

*

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma zan fara da inda kake da gaskiya. Yayanka bai kyauta ba. Babba ba ya kwance wa ƙaninsa zani a gaban leburori da baƙi, kuma cewa ba don Umma ka yi ba magana ce mai nauyi da ba shi da ikon yanke ta, tunda ba ya cikin zuciyarka. Wanda ya ji uwarsa tana nishi a amalanke ya rantse, ni na yarda da rantsuwarsa.

Amma da bakinka ka ba ni sauran labarin. Tayoyin taɓo na Umma ne, ban musa ba. Fitilu shida fa, da baƙin fenti, da zagayen sati biyu, da zuwa sahara? Waɗannan naka ne, kuma naka ɗin ne ya daki ƙofar kwantena. Ina jin abin da ya fi ƙona ka shi ne akwai ɗan guntun gaskiya a cikin mugun furucin yayanka. Shi ma ka tuna uwarsa ce, ya bar wa motar wuri, ya ga wurin ya tashi a banza a gaban idonsa.

Ni ba bakanike ba ce, sai na tambayi maƙwabcina mai gareji. Ya ce a cire fitilun da ƙarfen da ke riƙe su, a mayar da ƙananan tayoyi don lodi, manyan a ɗaure su a bayanta, sa koma wurinsu a Kano. Sannan ka ɗauki tef ka auna tsayin motar da na ƙofar da hannunka, kada ka aika kowa.

Akwai kuma abin da ba ka lura da shi ba, shi ya fi damuna. Kai mai ƙarfi sai ka kama ƙarfe kake hawa, Hadijatu mai ƙuruciya ta yaga abaya. To tsohuwar da ƙugunta ya goce bara, ta yaya za ta shiga? Ka koma wurin bakanikenka ya sauke ta zuwa daidai abin da tayoyin ke buƙata, ya yi mata waldar mataki mai faɗi ta gefen da Umma za ta zauna.

Kada ka sayar, kada ka raba jari cikin fushi. Ka sami Yaya Halliru ku biyu kaɗai, ka fara da naka laifin, ka ce ba ka auna ba kuma ka ƙara abin da ba a buƙata. Bayan nan ka gaya masa a fili cewa maganarsa ta yi maka ciwo. Wataƙila ya ba ka haƙuri nan take, wataƙila girman kai ya riƙe shi kwana biyu. Ko wanne ne, ka roƙi gurbin kwantenar nan mai zuwa, don jirgin ruwa da tashar Legas za su ci makonni, hadari kuma ba zai tsaya sai kun shirya ba. In ruwa ya sauka motar tana ajiye a Ras Al Khor, ba kai ko shi za a ɗora a amalanke ba.

Allah ya huci zuciyarka, ya ƙara wa Umma lafiya, ya sa kai da yayanka ku rufe ƙofar kwantenar nan tare.

Gwaggo Sabuwa