Allah Ya Kiyaye Hanya

Laraba da dare, masauki a Gashuwa

Na kasa cin tuwon nan. Yau na ƙi sa wa Alhaji Bukar hannu.

Kamfani ya turo ni daga Nguru in duba sito kafin a kai wa manoman Katuzu maganin feshi, don ba a fitar da kaya sai da sa hannuna. Na ga takardar jikin wani galan ta ɗan ɗago, na sa farce na ɓare. Ashe sabuwa aka liƙa a kan tsohuwa, wa'adin maganin ya ƙare tun bara. Duk katan ɗin da na buɗe haka.

Alhaji ne manajan reshenmu na nan Gashuwa, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ce, "Ƙanena, damina ba ta jira. Magani ai ba madara ba ne da zai yi tsami."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ba zan iya ba."

Da ma faɗa ya yi, da hankalina ya fi kwanciya. Sai ya yi murmushi, ya tambaye ni ƙarfe nawa zan koma gobe, a wace mota. Ni kuma sakarai na faɗa. Ya riƙe hannuna, ya daɗe bai saki ba, ya ce, "To, Malam Sani, Allah ya kiyaye hanya."

Shekara uku bai taɓa kiran sunana ba sai yau.

Wataƙila addu'a ce kawai. Inna ma ita ta yi mini da zan taho. Amma sai yanzu na tuna ban ce amin ba.