Layi Arba'in na Adi

Litinin, 9 Fabrairu 2015

Mun sake buɗe kafe, shagonmu na intanet, a Yelwa. Kwamfuta shida suka tsira, da kuma tsohuwar da ke tsaron layinmu, fayawol. Adi, abokin aikina, bai dawo ba. Tun ranar da 'yan bindiga suka shigo gari muka gudu a Oktoba babu wanda ya ji ɗuriyarsa.

Laraba, 11 Fabrairu

Hajiya Khadijatu mai kafe tana so in ƙarasa aikin da ya bari kafin ɗalibai su fara rajistar jarrabawa. In layi ya yanke, fayawol ɗin da kanta ta haɗa fakiti, wato ɗan ƙunshin saƙo, a cikin kanel, can cikin cikin injin, ta sa masa rubutu ta aika wa mai rajista: "Layi ya yanke, kar ka sake dannawa." Bara yara da yawa sun ɓata fom saboda sake dannawa.

Layi arba'in na umarnin kwamfuta Adi ya rubuta. A samansu ya sa: "Liyatu, kar ki taɓa nan, ni zan gyara." Ɗan rainin hankali.

Asabar, 14 Fabrairu

Injin ya sandare sau huɗu. Na gaji.

Talata, 17 Fabrairu

Na gano matsalar. Yana lissafa tsawon fakiti da lambar tantancewa tun kafin ya zuba rubutun a ciki, kamar mai auna buhu kafin ya sa masara. Fakitin yana fita, kwamfutar da ta karɓa ta ga lissafi bai yi daidai ba, ta yar da shi. Na yi ta lafta gyara a gefe don kar in taɓa nasa. Bai yi ba.

Hajiya ta ce, "'Yata, ki goge ki sake mana." Na ce Adi zai yi faɗa. Ta dube ni.

Alhamis, 19 Fabrairu

Maman Adi ta zo daga Michika da hotonsa, a buga mata guda hamsin. "Ko wani ya gan shi a Kamaru," in ji ta. Na buga. Ina kewarsa, har da surutunsa.

Litinin, 23 Fabrairu

Na goge arba'in ɗin, na rubuta nawa. Na zare waya don gwaji, saƙon ya fito a kwamfuta shida duka. Hajiya ta sa mini albarka.

Sai da na kashe janareta na tuna ban ajiye kwafin nasa ba. Ni da ba na goge komai sai na ajiye kwafi. Mantuwa ce, ina ji.