Wanda Aka Ci Shi Ke Tashi

Zuwa ga Yayana Bala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san wannan takarda babu mai kai maka ita. Ko da kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, kai da ko saƙon waya aka turo maka sai ka kira mutum ya maimaita maka da baki. Amma gobe da safe zan miƙa wa wani mukullin shagonka, kuma na kasa yin haka ban fara gaya maka ba.

Mutanen gida suna lafiya. Maman Abba ta fita takaba, ta rame ƙwarai, amma ta fara zama a tsakar gida ana hira da ita. Abba ya gama makaranta yana ta neman aiki. Hauwa ta ɗauko dariyarka sak, har in ta yi ta daga ɗaki sai na waiwaya. Damina ta yi ƙarfi bana. Wurin nan da rufin shago ke yoyo, wanda kullum kake cewa ran Asabar za ka hau ka toshe, yana nan yana yoyonsa. Roba na ajiye a ƙarƙashi.

Yaya, gidan gem ya mutu. Na yi ta neman kalma mai laushi ban samu ba. Tun kana da rai ka ga alama, ka ƙi yarda ne kawai, don kai taurin kai a jininka yake. Yaro yanzu yana kwance a kan katifar uwarsa, waya a hannu, yana buga ƙwallo da wani da bai taɓa gani ba. Me zai fito da shi ya bi layi a bencinka? Ran Sallah ƙarama na buɗe tun da aka sauko daga idi, na share, na tayar da janareta, na zauna ina jira. Ka tuna yadda ranar take a da? Yara cikin sababbin shaddoji tun daga bakin ƙofa har kan kwata, wasu daga Ƙofar Galadima, wasu tun daga Gyallesu suka tako, kana tsaye a ƙofa kana rantsuwa duk wanda ya ture wani ba zai taɓa hannun gem ba. Bana har azahar 'yan kaɗan ne suka leƙo, cikinsu ma akwai wanda cajin waya ya kawo shi. Na kashe janareta, na ja ƙofa, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da muka kai ka.

Na yi iya ƙoƙarina, Allah ya sani. Daga makarantar da nake koyarwa nan nake wucewa kullum. Masu ba da shawara kuwa ba su ƙare ba. Wani ya ce in mayar da wurin gidan kallon ƙwallo. Wani ya ce sana'ar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa manyan kantuna masu na'urar sanyi, inda ake ɗaura wa yaro wani abu kamar tabarau a fuska, ubansa na zaune a mota yana jira. Wataƙila gaskiyarsa, amma wane ɗan Ƙofar Kuyambana ne zai shiga can? Wani kuma ya matso kusa ya ce in bar samari su riƙa ɗora kuɗi a kan wasa, wai kafin wata ya zagayo shago zai cika. Shi kam na nuna masa hanya, kuma ban yi masa da daɗi ba.

Don ban manta yadda aka samu shagon nan ba. Mahaifinmu Baba Malam, Allah ya jiƙansa, ya daɗe ba ya amsa gaisuwarka da ka ce za ka buɗe gidan gem a ƙofar gidan da ake karatu a zaurensa. Da ya sauko, sharuɗɗa ya gindaya maka. Babu caca. Babu yaro mai kayan makaranta a lokacin makaranta. Kuma da ladan ya ɗaga murya, a kashe wuta. Kai kuwa ka riƙe na ƙarshen nan har ka wuce gona da iri. Mutum yana gaban raga zai buga, sai ɗif, allo ya yi baƙi, kana tsaye da buta a hannu ko kallonsa ba ka yi. An zage ka a zuci, ni ma na sha zaginka. Amma dattawan da suka kai ƙararka wurin mai unguwa da farko, su ne daga baya suke cewa sahun la'asar bai taɓa cika da samari ba kamar zamanin shagon Bala. A wurin zaman makoki liman ya faɗi haka da bakinsa. Da ka ji, da kan nan naka ya ƙara girma.

To ga abin da aka yanke. An zauna maganar gado, aka ga shago ba ya ko mayar da kuɗin mai, ga iyali suna buƙatar abin sawa a baki. Wani yaro mai sana'ar cirar kuɗi zai karɓi haya. Mai hankali ne, yana gaida mutane. Ni na kawo shi, ni na sa baki, kada ka ga laifin kowa. Talabijin da hannuwan gem an sayar. Ranar da ka sa mini mukullin nan a tafin hannu a gadon asibiti ba ka ce komai ba. Me kake nufi, Yaya? In riƙe, ko in rufe? Watanni ke nan ina juya wannan tambaya, kuma na san ba zan sami amsa ba.

Saura Dogo. Ka san ba zan bari a taɓa shi ba. Akwatin gem ɗin nan mai tsawon mutum da ka ɗauko daga Legas a bayan motar kaya, wanda sai an jefa masa kwandala yake farkawa. Da kwandala ta ɓace daga hannun mutane ka je wurin maƙera suka yanka maka 'yan ƙarafuna daidai bakinsa, suna nan cikin gwangwanin madara inda ka bar su. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo sun ƙwanƙwasa shi, suka ce katako ya yi masa yawa. Saura kaɗan in mari ɗaya. Abba da Hauwa da mahaifiyarsu sun ce sun bar mini shi. Gobe za mu shigar da shi zaure na biyu, shi da dogon bencinsa mai cin mutum biyu. Ka ji ikon Allah, abin da Baba ya hana ya tsallake dokin ƙofa zai kwana kusa da inda yake shimfiɗa buzunsa.

Akwai maganar da ban taɓa yi maka ba. Ka san dokar bencin nan, kai ka kafa ta: wanda aka ci shi ke tashi, wanda ya ci ya zauna ya jira na gaba. Kai kuwa ba a cin ka a gem ɗin faɗa. Na girma ina tashi maka. In zauna, ka lallasa ni, ka ce in je in ƙara cin tuwo, in koma bayan layi ina huci. Sau ɗaya tak na ci ka, a satin da Inna ta rasu, lokacin da na daina magana da kowa. Ka jawo ni shago, ka jefa ƙarfe biyu, na ci ka, ka miƙe ka tsaya a bayana ka dafa kafaɗata, kana gaya wa yara yau an ga sabon sarki. Yaya, na ga hannunka. Na ga ka saki sandar gem ɗin tun wasa bai yi nisa ba. Na sani tun a ranar, na yi shiru, na bar ka kana ba da labarin shekara da shekaru kamar da gaske. Ban taɓa ce maka na gode ba. Mu 'yan gidan nan ba mu iya irin wannan maganar ba, sai dai zolaya. To na gode. Kuma ina ƙaunarka, in ma ba ka sani ba.

Ɗazu bayan la'asar na shiga don in kwashe sauran tarkace. Wuta tana nan, abin mamaki, sai na kunna Dogo. Hannuna ne ya saba, ƙarfe biyu na jefa. Cikin 'yan faɗan da ke allo na ɗauki ɗan sirit ɗin nan nawa, na miƙa hannu ɓangarenka na ɗaukar maka ƙaton nan mai jan ɗankwali da kake so. Aka buga ƙararrawa. Naka ya tsaya a tsakiyar allo, ya dunƙule hannu, yana ɗan rausaya kamar mai numfashi, yana jira a motsa shi. Na matsa kusa da shi. Yau da na ga dama da na rama duk dukan da ka yi mini tun ina yaro. Wallahi na kasa danna ko maɓalli ɗaya. Muka tsaya muna kallon juna har lokaci ya ƙare, allo ya nuna babu wanda ya ci. Ina nan zaune aka kira magariba. Na miƙa hannu na kashe wuta, na ɗauki butarka.

Babu wanda ya ci, Yaya. A dokarka in aka yi haka ba mai tashi, sake jefa ƙarfe ake yi. Don me ka tashi ka bar ni a benci ni kaɗai?

Astagfirullah. Na san wanda ya kira ka, kuma kai ba ka taɓa jin kira ka tsaya ƙarasa wasa ba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Baba da Inna. Ka yafe mini maganar shago. Gefenka na benci yana nan, ba zan bar kowa ya zauna ba.

Sai na zo.

Ƙanenka da ka saba ci,
Nura