Fim ɗin Turkawa zai kai mini ɗa daji

Malama Ummulkhairi, don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da rubutuna. A firamare karatuna ya tsaya, kuma malaman ne suka riga ni gajiya.

Ina gyaran babur a Tsafe. Ni mutum ne mai ba'a, ko zaman makoki na je sai an zaunar da ni can gefe. Bara na shiga Sabon Gari a Gusau aka tura mini fim ɗin Turkawa a waya, irin na dawaki da takubba da aka fassara da Hausa. Gidan duka muka kamu. Matata Zulai ta sha ƙona tuwo saboda wani sarki mai gemu, na ƙyale ta tunda gemunsa ya fi nawa.

Babban ɗana Mas'udu, mai shekara sha takwas, shi ya fi kowa nisa. Ni kuwa na mai da abin wasa. In ya shigo sai in dafe ƙirji in rusuna kamar yadda suke yi, in kira shi jarumi, in ce a ɗaura wa dokinsa sirdi, ina nufin jakin maƙwabcinmu.

To, kin san halin da muke ciki. Da damina aka ɗauke abokinsa a gona, har yau shiru. Tun daga nan Mas'udu ya bar dariya wurin kallo, sai maimaita inda jarumin ke rantsuwar ɗaukar fansa. Kwanan nan ya shaida mini ya ba 'yan sa-kai sunansa, bayan girbi zai bi su daji. Yaron ga ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya kau da kai.

Na ce ban yarda ba. Sai ya dafe ƙirji ya rusuna mini yana murmushi, ya ɗauka cikin wasan muke. Na ɗaure fuska, ƙannensa suka kwashe da dariya, wai Baba ya iya kwaikwayon sarki. Malama, ban taɓa yi masa magana babu zolaya a ciki ba, yau na nemi irin wannan maganar na rasa.

Ga kuma uwarsa. Danginta makiyaya ne wajen Bungudu, su ma an kwashe musu shanu. A fim kayan maƙiyi daban ne, kana gani ka gane shi. A dajinmu, tsoronta kada wata rana a nuna wa ɗanta kawunsa a ce shi ne maƙiyin. Ko abinci ba ta ci sosai. In fasa wayar ne, ko in tura shi Gusau da ƙarfi?

Uban Jarumi, Tsafe

Malam, Allah ya kawo mana sauƙi.

Kada ka fasa waya. Ba fim ne ya ɗauke abokinsa ba, ya dai nuna wa yaro mai baƙin ciki inda zai kai baƙin cikinsa. Wasanka ma ba laifi ba ne, shi ya sa ya faɗa maka abin da wasu ke ɓoye wa iyayensu. Son kare gari ba abin kunya ba ne, amma wanda ya shiga daji da niyyar ramuwa bai cika tantance mai laifi ba, don haka fargabar Zulai tana kan hanya. In ka tura shi Gusau da ƙarfi kuwa, zai dawo ba da saninka ba.

Kada ka sake tayar da maganar gaban ƙannensa. Ka ɗauke shi ku je ku gai da mahaifin abokin nasa, ya ga yadda uba ke zama idan babu ɗansa. Ka sa kawunsa ya zo ya kwana biyu. Sannan ka nemi dattijo guda ku je wurin shugaban 'yan sa-kan, ka ce ba da yardarka ba ne, kafin a gama girbi.

In kun keɓe, ba umarni za ka ba shi ba. Ka gaya masa kai tsaye cewa tsoro kake ji. Idan muryarka ta yi rawa, bar ta ta yi, a nan zai gane ba wasa kake ba.

Allah ya tsare maka Mas'udu, abokin nasa kuma Allah ya dawo da shi gida lafiya.