Dutsen da ke cikin littafinka, Yaya Hammawa

Ƙofar Ran, Bauchi.

Yaya Hammawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sawwaƙe ciwon gwiwar nan, Ya rufa muku asiri a Fatakwal. Mu nan kowa lafiya. Inna tana cin tuwonta, tana faɗanta yadda ka san ta.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro ya fi ƙarfin waya. Ka tuna littafin fiziks ɗinka mai baƙin bango, wanda ka bar mini ranar da na fara koyarwa? Shekara ashirin da shida ke nan ina shifta wa ɗalibai daga cikinsa, ban taɓa sauya ko layi ɗaya ba. To 'yarka Bilkisu, da ke jami'a a Yelwa, an fara koya musu rubuta wa kwamfuta umarni don ta yi lissafi. Ni kam ina ta yi mata tsiya, ina cewa aikin malalata ne. Ran Asabar na ce bari in gwada ta, na ba ta tambayar nan ta dutsen da aka jefa daga kan tudu mai tsayin mita ashirin. Amsarmu, wato nisan inda zai faɗi, mita arba'in ce, ka sani.

Ta rubuta 'yan layuka, kwamfutar ta riƙa zana tafiyar dutsen ɗigo bayan ɗigo. Wallahi Yaya, a mita arba'in dutsen yana sama abinsa, daidai da kan tudun, sai wajen hamsin da biyar ya taɓa ƙasa. Na daka mata tsawa na ce na'urarta ce ta rikice. Ta sunkuyar da kai ta ce Baba ya sake duba da hannunsa. Na duba sau uku. Ashe lissafin fili muka yi, muka manta tsayin tudun gaba ɗaya. Abincin rana ma kasa ci na yi.

Kuskuren bai dame ni kamar Habila ba. Ɗalibina ne a shekarata ta huɗu da fara koyarwa, ɗan Tafawa Ɓalewa. Ya taɓa miƙewa a aji ya ce amsar ba ta yi ba. Na yi masa bulala shida a gaban 'yan'uwansa, na rubuta wa ubansa cewa ba shi da kan kimiyya, aka cire shi daga ajin. Shekaranjiya na yi ta tambaya har na same shi a kasuwar Wunti yana gyaran janareto, furfura ta fara fito masa. Ya share mini benci, yana ta Malam, Malam. Na fara kame-kame a kan wani dutse, ban ƙarasa ba ya ce hamsin da biyar ne. Na nemi gafararsa, ya ce ya wuce tuni.

Sai ya ƙara da abin da ya fi wannan ciwo. Wai 'yarsa Mary tana ajina yanzu, ban ma sani ba. A zangon da ya wuce ita ma ta gano kuskuren, ta kai masa littafinta tana murna. Ya ce ya hana ta buɗe baki, ya umarce ta ta rubuta arba'in yadda Malam yake so. Yarinyar nan a layin gaba take zama, Yaya, ni kuwa kullum yabonta nake yi wai ba ta da surutu. Ran Litinin zan tsaya a gaban ajin in faɗi gaskiya, kuma ita zan miƙa wa alli. Ka sa ni a addu'a, don ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Ka gaida Anti Fati, da Yero, da Ɗanlarai. Inna ta ce a gaishe ka, Bilkisu ma tana gaisuwa, ko da yake tun ranar take ɓuya mini kamar ita ta yi laifin.

Ƙaninka,
Mansir.